Aikin Hajji da Lafiyar Zuciya: Jawabi ga Maniyyatan Maiduguri da Iyalansu



 Maƙasudin wannan jawabi shi ne a yi bayani a kan wani amfani na aikin Hajji wanda ba safai ake tsayawa a kansa a wuraren bita ba, watau abin da tafiyar take yi wa zuciyar mutum da hankalinsa. Hukunce-hukuncen ibadar, malamai sun wadatar da jama'a a kansu, kuma su ne ma'abota wannan fage. Ladan aikin kuwa yana wurin Allah, ba mai iya auna shi. Abin da za a duba a nan shi ne wanda ido yake iya gani tun a duniya: me ya sa wani yakan bar gida cikin ƙunci ya komo da natsuwa, wani kuma ya komo da damuwar da ta fi wadda ya tafi da ita?

Tun 1948 tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana cewa rashin cuta kaɗai bai isa a kira mutum lafiyayye ba, sai lafiyar jikinsa ta haɗu da ta hankalinsa da ta zamansa da jama'a. Saboda haka maganar kwanciyar rai magana ce ta kiwon lafiya, daidai da maganar allurar rigakafi da ruwan sha.

BARNO DA HANYAR MAKKA

Mutanen Barno ba baƙi ba ne a wannan tafiya. Tarihin sarakunan Kanem ya nuna cewa Mai Dunama ɗan Hume, wanda ya yi sarauta a farkon ƙarni na 12, ya sauke farali sau biyu, a tafiya ta uku kuma ya rasu a teku. A wajen shekarun 1240 mutanen Kanem suka gina makaranta da masauki a Alƙahira domin ɗalibai da mahajjatan ƙasarsu. Mai Idris Aloma, a ƙarni na 16, ya je Makka ya tanadi masauki ga alhazan Barno. Mai Ali ɗan Umar, a ƙarni na 17, ya yi Hajji sau uku. Shehu Muhammadu Laminu ma ya sauke farali, ya kuma yi zaman karatu a ƙasashen Gabas kafin ya komo gida.

Da aka kafa Yerwa a 1907 ta zama mazaunin Shehu, sai ta zama babban zango ga masu bin hanyar ƙasa. Daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram ake sauka a nan, a sake guzuri, a bi ta Dikwa da Gamboru zuwa Fort Lami, wadda ake kira Njamena yanzu, daga nan Abashe, sa'an nan Darfur da Kurdufan da Hartum, har bakin Bahar Maliya inda ake tsallakawa Jidda. Talaka yakan yi shekaru a wannan hanya, yana tsayawa ya yi ƙodago ko noman auduga a Sudan, in ya tara abin da ya tara ya ƙara gaba. Da yawa ba su komo ba, jikokinsu suna can har yau. Wanda ya fita a wancan zamani yakan raba abin da ya mallaka, ya sallami kowa sallamar da ba a tabbatar da sake gamuwa ba.

Yau jirgi yakan tashi daga filin jirgin sama na Maiduguri ya sauka ƙasa mai tsarki cikin 'yan sa'o'i. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa tun 1975, a 2006 kuma aka yi dokar da ta kafa Hukumar Alhazai ta Ƙasa da ake da ita yanzu. Wahalar hanya ta ragu ƙwarai. Amma akwai abin da doguwar hanya take yi wa mutanen da, wanda jirgi ba ya yi: tana ba zuciya lokacin da za ta shirya. Maniyyacin yau tilas ne ya yi wa kansa wannan shiri tun yana gida.

NAUYIN DA KE ZUKATAN JAMA'A

Ba a buƙatar a faɗa wa mutumin Maiduguri abin da ya auku tun daga watan Yuli na 2009. Da wuya a sami gidan da bai rasa wani ba, ko bai sauki 'yan'uwa da suka gudo daga Bama ko Gwoza ko Baga ba. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da yawa na gari, ya tafi da dukiyar da aka yi shekaru ana tarawa.

Irin wannan masifa takan bar tabo a zuciya bayan raunin jiki ya warke. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san alamunsa: rashin barci, mugun mafarki, zabura da jin ƙara, saurin fushi, janye jiki daga jama'a, da yanke ƙauna. Mai ɗauke da wannan nauyi sau da yawa ba ya faɗa wa kowa, domin yana tsoron a ce ba shi da tawakkali, ko a ce ya sami taɓin hankali.

Alal misali, a ɗauki dattijuwa wadda ta rasa mijinta da ɗanta a shekarun tashin hankali, ta riƙe marayu da sana'ar ɗinkin hula, har 'ya'yanta da suka rage suka haɗa kuɗi suka biya mata kujera. Wannan baiwar Allah za ta hau jirgi da jaka biyu, za ta kuma hau da baƙin cikin da ta yi shekaru ba ta sami wurin ajiye shi ba. Yadda wannan tafiya za ta kasance mata, shi ne abin da ya shafi kowane maniyyaci da kowane mai rakiya.

YADDA HAJJI YAKE SAUKE NAUYI

Na farko, shirin tafiya kansa magani ne. Shari'a da al'ada sun haɗu a kan cewa maniyyaci ya biya bashin da ke kansa, ya mayar da amanar da aka ba shi, ya rubuta wasiyya, ya bar wa iyali abin da za su ci, sa'an nan ya bi 'yan'uwa da maƙwabta gida gida yana neman gafara. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gane cewa gaba da riƙo suna cikin abubuwan da ke hana zuciya sakewa, yafiya kuwa tana rage damuwa. Akwai ɗan'uwan da aka yi shekara goma ba a gaisa da shi ba saboda rabon gado. Girman kai yakan hana kowa ya fara magana. Tafiya Makka takan buɗe ƙofar da ba wanda zai ji kunyar shigarta, gama ba a ganin ƙasƙancin maniyyacin da ya zo neman gafara, ba kuma a ganin kyawun wanda ya hana shi.

Na biyu, harami yana sauke wa mutum nauyin matsayi. Attajiri da ɗan dako, sarki da talaka, kowane namiji ƙyalle biyu ne farare a jikinsa. Babu rawani, babu babbar riga, babu turare. Wanda ya saba da a durƙusa masa yakan huta da tsaron girma, wanda ya saba da a raina shi kuma yakan ga kansa kafaɗa da kafaɗa da manyan duniya. Daɗin daɗawa, an hana mai harami jayayya da alfasha. Mutumin da ya yi kwanaki cikin cunkoso da zafi yana danne fushinsa ya koyi wani abu game da kansa, watau ashe yana iyawa. Hausawa sun ce haƙuri maganin zaman duniya, Hajji kuwa makarantarsa ce.

Na uku, tsarin ibadar yana tattara hankali wuri guda. Mai damuwa tunaninsa yakan yi ta kai da komowa tsakanin abin da ya wuce da abin da yake tsoro. A Hajji kowace rana da aikinta. Ranar 8 ga Zulhajji a tafi Minna, ranar 9 a tsaya Arfa, a kwana Muzdalifa, ranar 10 a yi jifa da yanka da aski, sauran kwanaki a ci gaba da jifa. Ɗawafi zagaye bakwai ne, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ma sau bakwai, wanda ya haura kilomita 3 in an haɗa. Ƙafa tana tafiya, harshe yana zikiri, ido yana kan Ɗakin Allah. A wannan hali tunanin kasuwa da na bashi da na abin da wane ya ce ba su da wurin shiga. Tafiyar ƙafa ita kanta likitoci sun tabbatar tana kyautata barci tana kuma rage ƙuncin rai, ga wanda jikinsa zai iya.

Na huɗu, tsayuwar Arfa tana ba mutum izinin kuka. A gida namiji ba ya kuka a gaban iyalinsa, uwa kuma takan haɗiye hawayenta don kada ta karya zuciyar yara. A filin Arfa kuwa babba da yaro kowa hannunsa a sama, hawaye na zuba, ba mai kallon wani. Dattijuwar da aka ambata ɗazu za ta iya kiran sunan mijinta da na ɗanta, ta roƙa musu rahama, ta faɗa wa Ubangijinta abin da ba ta taɓa faɗa wa mahaluki ba. Kuma addini ya yi bushara cewa wanda ya yi Hajji karɓaɓɓe yakan komo babu zunubi a kansa. Ga mutumin da laifin da ya aikata a baya yake cin zuciyarsa, ko wanda yake zargin kansa don ya tsira alhali nasa sun halaka, wannan bushara takan zame masa izinin ya fara rayuwa sabuwa.

Na biyar, alhaji yakan gane cewa ba shi kaɗai ba ne. A 2024 mutum fiye da miliyan 1.8 ne suka yi Hajji. A cikin wannan taro mutumin Gwange ko Bulumkutu zai yi sahu da wanda ya fito daga ƙasar da yaƙi ya ci, da wanda girgizar ƙasa ta rushe wa gida. Ko ba su ji harshen juna ba, za su miƙa wa juna ruwa da dabino. Gani ya kori ji. Baƙin cikin da mutum yake zaton shi kaɗai aka ɗora wa yakan yi sauƙi in ya ga masu ɗauke da irinsa sun cika fili.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Waɗannan maganganu ba zato kaɗai ba ne. A ƙasar Pakistan, da masu neman kujera suka fi adadin kujeru, gwamnati takan raba su ta hanyar ƙuri'a. Wannan ya ba wasu masana uku, David Clingingsmith da Asim Khwaja da Michael Kremer, damar kwatanta waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu a Hajjin 2006 da waɗanda ba ta faɗa musu ba, tun da dukansu niyyarsu ɗaya ce, ƙuri'a kawai ta raba su. Sun tambayi mutum fiye da 1,600 bayan 'yan watanni da komowar alhazai, suka buga sakamakon a 2009. Sun tarar cewa waɗanda suka je sun fi tsayar da salla da azumi, sun fi yarda da daidaito da zaman lafiya tsakanin ƙabilu da ɗariƙu, sun fi goyon bayan ilmin mata, kuma wannan ƙaunar 'yan'uwa Musulmi ba ta jawo musu ƙin waɗanda ba Musulmi ba. Ga jiha irin Barno, inda Kanuri da Shuwa da Babur da Margi da Hausa da Fulani suke cin kasuwa ɗaya, inda kuma Musulmi da Kirista suke maƙwabtaka, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Amma binciken ya gano wani abu kuma wanda bai kamata a ɓoye ba. Wasu daga cikin alhazan, musamman mata, sun komo suna kukan gajiyar jiki da damuwa fiye da takwarorinsu da suka zauna gida. Ashe ke nan amfanin tafiyar ba ya zuwa kyauta. Wahalarta tana iya cinye shi in ba a yi tanadi ba.

ABUBUWAN DA KE ƁATA RIBAR TAFIYA

Abu na farko shi ne bashi. Hajji wajibi ne a kan mai iko kaɗai. A 2025 kuɗin kujera ya haura naira miliyan 8. Wanda ya sayar da gonar da iyali ke ci, ko gidan da marayu ke kwana, ko ya ci bashin da ba shi da hanyar biya, don dai a kira shi Alhaji, zai tsaya a Arfa zuciyarsa tana wurin mai binsa. Domin sauƙaƙa wannan ne Hukumar Alhazai ta ƙaddamar da adashin gata a 2020, inda mutum yake tarawa kaɗan kaɗan har kuɗinsa ya cika.

Abu na biyu shi ne barin magani. Akwai masu cewa tun da za su Ɗakin Allah, za su sha Zamzam, ba su da sauran buƙatar ƙwayar asibiti. Wannan kuskure ne mai haɗari. Addinin da ya yi umurni da addu'a shi ne ya yi umurni da neman magani. Mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai farfaɗiya, da wanda ake yi wa maganin ciwon damuwa ko taɓin hankali, lalle ne ya ga likitansa kafin tafiya, ya faɗi gaskiya a wurin gwajin lafiya, ya ɗauki maganin da zai ishe shi har ya komo tare da takardar likita, ya kuma sanar da amintaccen abokin tafiya. Rashin barci da cunkoso da baƙon wuri suna iya tayar da ciwon da ya lafa. Tsoho mai yawan mantuwa kuwa yakan rikice ƙwarai in ya bar inda ya saba, saboda haka a nemi shawarar likita kafin a biya masa kujera. A nan Maiduguri akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a kan hanyar Baga, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Abu na uku shi ne ganganci da rana da cunkoso. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba da izinin Hajji ba, ba su da tanti ba su da mota. A turmutsutsun Minna na watan Satumban 2015 Nijeriya ta rasa alhazai da yawa, cikinsu har da Farfesa Tijani El-Miskin na Jami'ar Maiduguri. Allah ya jiƙansu. Darasin shi ne a bi hanyar hukuma, a riƙe laima, a yawaita shan ruwa, a kiyaye lokacin jifa da aka yanka wa kowace tawaga. Mai rauni ya wakilta wani ya yi masa jifa, shari'a ta yarda. A yi allurar sanƙarau da sauran rigakafin da aka wajabta tun da wuri, gama rigakafi ya fi magani.

Abu na huɗu shi ne hidimar tsaraba. Alhajin da ya ƙare kwanakinsa a kasuwa yana lissafin wa zai ba darduma, wa zai ba jallabiya, yana fargabar awon kaya, ya musanya natsuwarsa da abin da ake samu a kasuwannin gida. Iyalai su taimaka a nan, su rage wa matafiyi saƙo. Dabino da Zamzam da addu'a sun isa tsaraba.

BAYAN KOMOWA GIDA

Wasu alhazai sukan ji wani irin kaɗaici bayan an gama zuwa barka da sauka. Jiya suna gaban Ka'aba, yau ga kuɗin makaranta ga cefane. Wannan ba alamar rashin karɓuwar aiki ba ce, kuma yakan wuce cikin 'yan makonni. Abin da ke taimakawa shi ne a huta sosai, a riƙe sallar jam'i, a ci gaba da zumunci da abokan tafiya, gama zumunta a ƙafa take. In kuwa ƙuncin ya zarce, barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, to, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Sunan Alhaji ko Hajiya nauyi ne. Unguwa takan zuba ido ta ga ko an komo da haƙurin da aka koyo. Garin da ya sha wuya irin wadda Maiduguri ta sha yana buƙatar masu sasanta maƙwabta, masu sauraron gwauruwa da maraya, masu jawo wanda ya janye jiki su komo da shi cikin jama'a. Wanda ya ga fari da baƙi a sahu ɗaya ya fi kowa cancantar wannan aiki.

Wanda Allah bai hore masa ba kuwa, kada ya sa wa ransa damuwa, domin ba a ɗora masa abin da ba ya iyawa ba. Biyan bashi da neman gafarar ɗan'uwa ba sa buƙatar fasfo. Azumin ranar Arfa ma wanda yake gida aka sunnanta wa shi. 'Yan'uwa Kirista masu zuwa ziyarar wurare masu tsarki, su ma wannan shawara ta shafe su: a shirya zuciya, a kula da jiki, a komo da abin da zai amfani maƙwabci.

Saboda haka ana roƙon kowane maniyyaci ya fara tun daga yau. Ya rubuta sunayen waɗanda suke binsa da waɗanda ya ɓata wa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya halarci bita, ya ga likita, ya riƙa ɗan tattaki safe da yamma don jiki ya saba. Iyalai kuma su tsaya masa da addu'a.

Allah ya kai alhazai lafiya, ya komo da su lafiya, ya karɓi ibadarsu, ya sanyaya zukatan waɗanda suka yi rashi, ya zaunar da Jihar Barno da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.